Idli: Wainar Kudancin Indiya da Ba a Soya Ta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri tare da abokan aikinka, kuma ina roƙon ka ba ni fili in yi gyara a kan wata magana da na karanta a shafinku na girke-girke, inda aka ce abincin mutanen Indiya bai wuce yaji da mai da kayan ƙamshi masu hawa kai ba, kuma da wuya cikin Bahaushe ya ɗauke shi. Ban ga laifin wadda ta rubuta ba, domin abin da akasarinmu muka sani ke nan, kuma ni ma da wannan tunani na tafi ƙasar shekaru uku da suka wuce, lokacin da na raka yayata neman magani a birnin Chennai, har na cika jaka guda da garin kunu da ƙuli-ƙuli da busasshiyar kuɓewa saboda tsoron yunwa. Mako bakwai muka yi a can, kuma abin da muka fi karya kumallo da shi wani farin abinci ne mai laushi da ake kira idli, wanda babu barkono a cikinsa, babu nama, ba a kuma soya shi, sannan duk macen Kano da ta leƙa tukunyar ƙullunsa za ta rantse ƙullun waina ne.

Mun haura shekara sittin muna kallon finafinan Indiya a garin nan, tun zamanin da ake cika sinimomin Plaza da Eldorado, amma yawancin abin da muka gani ya fito ne daga Mumbai, kuma abincin da ake nunawa a ciki na mutanen arewa ne masu cin alkama. Ƙasar da ke da jihohi 28 da mutane sama da biliyan ɗaya da miliyan 400 ba za a ce tukunyarta ɗaya ba. Jihohin kudu, wato Tamil Nadu da Karnataka da Kerala da Andhra Pradesh da Telangana, masu cin shinkafa ne, harsunansu daban, girkinsu daban. Hausawa na cewa in ba ka san gari ba saurari daka, kuma abin da kunnena ya riƙa jiyowa kowace yamma a gidan da muka kama haya shi ne gurnanin wani ƙaramin injin dutse yana markaɗa jiƙaƙƙiyar shinkafa a ɗakin girkin tsohuwar da ke da gidan. Daga wajenta na koyi yawancin abin da zan faɗa game da haɗin, da ɗan Turancin da muke iya haɗawa da kuma nuni da hannu, sauran kuma na bi diddiginsa a rubuce bayan mun dawo.

Ranar da na fara ɗaukar al'amarin da muhimmanci ita ce ranar da tsohuwar nan ta fito da wani baƙin kasko mai gurabe bakwai, ta ɗora a wuta, ta ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu mai albasa, sannan ta ɗauki tsinke tana juya su ɗaya bayan ɗaya. Yayata, wadda jinya ta hana ta dariya tsawon kwanaki, ta dube ni ta ce, “Ke, wannan ai tandar Inna ce ta biyo mu.” Sunan abin a harshen Tamil paniyaram, a Karnataka kuma ana ce masa paddu, kuma da ƙullun idli da ya kwana biyu ake yin sa. Girmansa bai kai na wainarmu ba, amma ɓawon nan mai ƙarau a baya da laushin ciki da ɗan tsamin da ke biyo baya duk iri ɗaya ne. Idli shi ne uban gidan, domin shi ake fara yi da sabon ƙullu, shi ya sa a kansa zan tsaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinsa shi ne yadda ake iya bin sawunsa a rubuce har fiye da shekara dubu. A wani littafi na Kannada, harshen mutanen Karnataka, mai suna Vaddaradhane, wanda Shivakotiacharya ya rubuta wajen shekarar 920, an ambaci wani abinci iddalige a jerin abin da ake kawo wa baƙo. Wajen 1025 wani marubuci, Chavundaraya, ya bayyana yadda ake yin sa a littafinsa Lokopakara: a jiƙa wake a cikin tsala, a markaɗa shi ya yi laushi, a dama da ruwan nono da kayan ƙamshi. Wajen 1130 kuma sarki Someshvara na Uku, na daular Chalukya ta yamma, ya kawo shi da sunan iddarika a cikin Manasollasa, kundin da ya tsara da harshen Sanskrit a kan mulki da nishaɗin fada, har da girki. Ka duba, ya Edita, sarki ne a kan gadonsa bai ga ƙasƙanci ba a rubuta yadda ake dama ƙullu.

Sai dai masanin tarihin abincin Indiya K. T. Achaya, wanda ya rasu a 2002, ya lura da cewa abubuwa uku da suka sa idli ya zama idli a yau babu su a waɗannan tsofaffin bayanai: ba a ambaci shinkafa ba, ba a ambaci barin ƙullu ya kwana ya tashi ba, ba a kuma ambaci turarawa ba. Wato suna ne ya daɗe, amma abincin ya sauya a ƙarƙashin sunan, kuma a cewarsa sai bayan shekarar 1250 ne irin na yanzu ya fara bayyana a rubuce. Shi ya yi hasashen cewa dabarar ta zo ne daga tsibiran Indonesiya tsakanin shekarun 800 da 1200, ta hannun masu dafa abincin sarakunan Hindu na can da ke zuwa Indiya, kasancewar mutanen tsibiran sun daɗe da ƙwarewa a abincin da ake bari ya yi tsami. Hulɗar kam tabbatacciya ce, domin a 1025 sarkin daular Chola ta kudancin Indiya, Rajendra na Ɗaya, ya tura jiragen yaƙi har daular Srivijaya da ke Sumatra, kuma fatake sun daɗe suna kai da kawowa a wannan teku. Amma wasu masana sun ƙi yarda, suna cewa ƙullu a ƙasa mai zafi da kansa yake tashi, ba sai baƙo ya zo ya koya wa uwar gida ba. Ni a nawa ɗan sanin na ɗakin girki, hujjarsu ta fi kwanta mini, domin duk wadda ta taɓa manta gasara a watan Afrilu ta san ba a gayyatar tsami.

Akwai kuma labarin da ke yawo cewa fataken Larabawa Musulmi da suka zauna a gaɓar kudancin Indiya ne suka fara dunƙula shinkafa suna ci da miyar kwakwa don gudun abin da ba su tabbatar da halaccinsa ba. Labari ne mai daɗin ji a kunnen Musulmi, kuma zaman Larabawa a gaɓar Malabar tun farkon Musulunci gaskiya ne, amma masu bincike da suka nemi tushen labarin idlin ba su same shi a inda aka ce yake ba, don haka ba zan sayar wa masu karatu shi ba. Haka nan ba zan ce wainarmu daga Indiya ta zo ba, ko tasu daga wajenmu ta tafi, domin kama da wane ba ta wane. Yammacin Afirka na da nata irin shinkafar da aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara, a ƙasar Mali ta yau, kusan shekara dubu uku da suka wuce, kuma wainar gero da ta dawa ba su jira shinkafar kowa ba. Mata biyu masu hatsi da dutsen niƙa da zafin rana za su iya isa wuri ɗaya ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Tarihinsa na baya-bayan nan ya fi fitowa fili. Masu girki daga garin Udupi da ke gaɓar Karnataka ne suka bazu a biranen Indiya a ƙarni na 20 suna buɗe gidajen abinci marasa nama, ta haka idli ya fita daga kudu ya shiga ko'ina. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta mamaye Burma a 1942 shinkafa ta yi wuya, gidan abincin MTR da ke Bengaluru, wanda aka kafa a 1924, ya ce shi ne ya fara yin idli da tsakin alkama a madadin shinkafa, kuma wannan nau'i, rava idli, yana nan har gobe. A 1955 wani mutumin Coimbatore mai suna Sabapathy ya ƙera injin markaɗe mai aiki da lantarki wanda dutse ne ke juyawa a cikinsa, ya sauke wa mata wahalar zama a gaban turmin dutse na awa da awanni, har garin ya zama cibiyar ƙera irin wannan inji. Siyasa ma ta shigo ciki, domin gwamnatin Jayalalithaa, babbar ministar Tamil Nadu a lokacin, ta fara raba wa mata irin wannan inji kyauta a 2011, sannan a 2013 ta buɗe gidajen abincin talakawa a Chennai inda ake sayar da idli ɗaya a kan rupi ɗaya. Abincin da ɗan siyasa zai nemi ƙuri'a da shi ba ƙaramin abinci ba ne a wajen mutanensa.

Yanzu ga yadda ake yin sa. Kayan haɗin huɗu ne kacal, ban da ruwa: shinkafa, da wani ɗan wake, da hulba, da gishiri. Shinkafar gajeriya ce mai ƙiba wadda aka turara tun tana cikin ɓawonta kafin a sheme ta, irin aikin da matan Kura suka ƙware a kai, kuma wannan shi ne bambanci na farko da waina, wadda mu ɗanyar shinkafar tuwo muke yi da ita. Waken kuwa shi ne sirrin abin gaba ɗaya. Ana kiransa urad a Hindi, ulundu a Tamil, ƙwayarsa ba ta kai rabin ta wakenmu ba, bayansa baƙi ne cikinsa fari, kuma surfaffe ake sayensa. Awon da tsohuwar ta koya mini shi ne gwangwani huɗu na shinkafa, gwangwani ɗaya na wake, da ƙaramin cokali ɗaya na hulba, ko da yake wasu gidajen uku da ɗaya suke yi, gwargwadon kyawun waken. Babu yis, babu bakin foda, babu kanwa, babu sukari. Da na tambaye ta abin da take sawa ya tashi, sai ta ɗaga mini tafin hannunta.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka mai son idli da safe tun hantsin jiya take fara aiki. Ana wanke shinkafa a jiƙa ta daban, a wanke wake a jiƙa shi tare da hulba daban, tsawon awa huɗu zuwa shida. Markaɗen ma daban-daban ake yi, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo ke faɗuwa. Wake ake fara sawa, ana yayyafa masa ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, ba a kwara shi gaba ɗaya, ana barin dutsen yana juyawa kusan rabin awa har sai ya yi fari fat, ya yi kumfa, ya kusa ninka yawansa. Gwajin da ta nuna mini shi ne a ɗebo kaɗan a jefa cikin kofin ruwa: in ya taso sama ya yi, in ya nutse da saura. Duk mai tuyar ƙosai ta san wannan hikima, domin bugun da muke yi wa ƙullun ƙosai da muciya iska muke shigarwa, ba wani abu ba. Ita kuwa shinkafar ba a so ta yi laushi sosai, ana barinta da ɗan tsaki-tsaki kamar lallausan yashi, saboda shi ne ke ba idli jiki ya hana shi danƙo.

Daga nan sai a haɗe su a babbar tukunya, a zuba gishiri, a cuɗa da hannu tsawon 'yan mintoci. Kaurin da ake nema ya fi na ƙullun waina, ya zama yana zuba daga ludayi a hankali kamar kunu mai kauri. Tukunyar kada ta wuce rabi, domin ƙullun zai ninka, kuma wanda ya cika ta zai tashi da asuba ya tarar da shi a ƙasa. A rufe, ba ruf ba, a ajiye wuri mai ɗumi awa takwas zuwa goma sha biyu. Abin da ke faruwa a cikin daren shi ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda suke tare da waken tun asali, suna cin zaƙin da ke cikin ƙullun suna fitar da iska da tsami. Masana sun gano cewa wadda ke fara aikin ita ce Leuconostoc mesenteroides, dangin masu mayar da madara nono, sannan wasu su biyo baya su ƙara tsamin, kuma tsamin ne ke hana masu cutarwa samun wurin zama. Matan can sun yi imani ɗumin hannu yana taimakawa, har ana cewa wata hannunta na tashin ƙullu wata ba ya yi, maganar da na sha ji a gidanmu game da waina tun ina yarinya.

Amma iska kaɗai ba ta isa, dole a sami abin da zai riƙe ta, kuma shinkafa ba ta da danƙon alkama. Nan ne darajar urad take, domin yana da wani yauƙi na halitta wanda ke naɗe kumfar ya hana ta fashewa, hulba kuma tana ƙara masa. Lokacin da na fahimci haka sai na tuna da ruwan karkashi da iyayenmu ke zubawa a ƙullun funkaso da wainar gero, da kuma kukar da ke haɗe ɗanwake. Ilimi ɗaya ne. Su sun same shi a cikin wake, mu mun same shi a cikin ganye, kuma babu ɗayanmu da ya jira ɗakin gwaje-gwaje kafin ya sani.

Da safe za a tarar ƙullun ya kumbura, ya yi ƙananan ƙofofi, yana ƙamshin tsami mai daɗi. Ba a buga shi, ana juyawa ne a hankali sau biyu ko uku don kada iskar ta fice. Tukunyar idli tana da faifan ƙarfe masu gurabe huɗu-huɗu ko fiye, da ƙananan huji, waɗanda ake jerawa bisa juna a jikin sanda ɗaya. A shafa ɗan mai a guraben, ko a shimfiɗa jiƙaƙƙen farin ƙyalle kamar yadda tsofaffi ke yi, a zuba ƙullu, a saka cikin tukunyar da ruwanta ya riga ya tafasa, a rufe minti goma zuwa sha biyu. In an soka tsinke ya fito fes, ya nuna. A bar shi ya sha iska minti biyu kafin a ciro da jiƙaƙƙen cokali, in ba haka ba zai manne ya yage. Mai kyau fari ne tas, marar nauyi, in ka danna ya dawo, kuma mutanen birnin Madurai da ke Tamil Nadu suna kwatanta nasu da furen yasmin saboda fari da laushi. Wanda ya san alkubus ya san rabin siffarsa, sai dai shi ya fi sauƙi a baki nesa ba kusa ba. Akwai nau'o'i da yawa, kamar na Kanchipuram da ake sa wa masoro da citta a turara a ganye, da mai faɗin faranti na Karnataka, amma farin nan shi ne na kowa.

Shi kaɗai ba shi da wani ɗanɗano mai ƙarfi, kamar tuwo ne, mahaɗi ke ɗaga shi. Na farko shi ne sambar, miya mai ruwa-ruwa da ake yi da wani waken daban, da tsamiya, da kurkur, da kayan lambu irin su kabewa da kuɓewa da gauta da ƙananan albasa. A cikinta ne na ga abin da ya ba ni kunya: dogayen 'ya'yan zogale, waɗanda muke bari su bushe a bishiya mu tsinki ganye kawai, su yanka su suke yi gaɓa-gaɓa su dafa, a tsotse cikin a yar da ɓawon. Ana ba da labarin cewa a fadar sarakunan Maratha na Thanjavur aka fara yin ta a ƙarshen ƙarni na 17, da aka rasa ɗan itacen da suka saba tsamantar da miya da shi aka sa tsamiya, amma wannan hira ce ta baka. Abin da yake tabbas shi ne barkonon da ke cikinta baƙo ne, domin daga nahiyar Amurka ya fito, kuma Turawan Fotugal ne suka kai shi Indiya bayan Vasco da Gama ya sauka a Calicut a 1498. Yajin da muke ɗauka shi ne asalin abincin Indiya, sunan idli ya girme shi a ƙasar da kusan shekara 600. Mahaɗi na biyu markaɗaɗɗiyar kwakwa ce da ɗanyen barkono da citta. Na uku kuwa, wanda yayata ta fi so, gari ne na soyayyen wake da busasshen barkono da riɗi, ana kiransa podi, a zuba a gefen faranti a kwaɓa da man riɗi ko man shanu a riƙa dangwalawa. In ba a gaya maka ba, ka ce yajin ƙuli ne.

Tsarin da ya fi burge ni a matsayina na uwar gida shi ne markaɗe ɗaya yana ciyar da gida kwana uku. Ranar farko, ƙullu na da ƙarfi, a yi idli. Rana ta biyu a ƙara masa ruwa a shimfiɗa shi siriri a kan faffaɗan kasko ya zama dosa, ɗan'uwan sinasir da ya fi shi faɗi da ƙarau. Rana ta uku, da tsami ya yi yawa, a yanka albasa da barkono a ciki a yi paniyaram a tanda. Ko idlin da ya kwana ba a zubarwa, marmasa shi ake yi a soya da albasa.

Dalilin da ya sa na ga ya dace masu karatu su san wannan abinci bai tsaya ga sha'awa ba. Kashi ɗaya cikin biyar na ƙullun wake ne, kuma masana abinci sun tabbatar cewa hatsi da wake suna cike giɓin juna, domin sinadarin gina jiki da shinkafa ke da ƙarancinsa wake na da shi, wanda wake ke da ƙarancinsa kuma shinkafa na da shi. Mu Kanawa ba baƙin wannan haɗi ba ne, garau-garau shaida ne, don haka ana iya cewa idli garau-garau ne da ya bi hanyar waina. Kwanan da ƙullun ke yi yana ƙara wasu sinadaran bitamin B, yana kuma sa abincin saurin narkewa, shi ya sa a asibitin da muka yi jinya shi ne abin da aka fara ba yayata bayan aiki, kuma shi ake ba yara da tsofaffin da haƙori ya ƙare musu. Ga matafiyi Musulmi da ke shakkar yankan wani gari kuwa, hankali kwance yake ci. Sai dai kada mai ciwon sukari ya ji an ce babu mai ya saki jiki, domin shinkafa shinkafa ce ko an turara ta ko an soya, kuma likitansa ne zai faɗa masa adadin da ya dace.

Da muka dawo na gwada sau da dama a nan Kano, kuma zan faɗi inda na yi tuntuɓe don wata ta tsallake. Karo na farko na kai markaɗe injin unguwa, ƙarfen ya ɗumama ƙullun, ga ragowar tattasan wanda ya riga ni, ya fito ruwan hoda kuma bai tashi yadda ya kamata ba. Tun daga nan nake amfani da na'urar markaɗe ta gida, da ruwan sanyi sosai, ina tsayawa tana hucewa. Karo na biyu a bazara ne, na bi awa goma sha biyun da aka koya mini, na tarar ya yi tsamin da ba ya ciyuwa, domin a zafin Afrilu da Mayu awa shida ta ishe shi. A hunturu kuwa sai na naɗe tukunyar da bargo na ajiye kusa da murhu, wani lokaci ya kai awa goma sha biyar. Shinkafar gida turarriya ta yi aiki sarai bayan an rege ta da kyau. Tukunyar musamman ba dole ba ce, gwangwanayen alala a cikin madambaci sun wadatar, muddin ba a cika su ba. Urad ana samunsa a wasu manyan kantunan da Indiyawa mazauna garin nan ke sayayya, amma da tsada, don haka na gwada da surfaffen farin wakenmu. Ya tashi, amma ya fi nauyi, kuma ƙamshinsa ya karkata wajen alala. Da na ƙara hulba na kuma zuba ɗan ruwan karkashi sai ya yi sauƙi ƙwarai, ko da yake launinsa ya ɗan dusashe, kuma mutanen gidana da miyar taushe suka cinye shi ba tare da sun nemi sambar ba.

Roƙona gare ka guda biyu ne, ya Edita. Na farko, idan shafin girke-girke zai sake taɓa abincin wata ƙasa, a riƙa faɗin yankin da ya fito, domin mu ma ba za mu ji daɗi ba a ce abincin Nijeriya bai wuce teba da manja ba. Na biyu, tunda mutanen Karnataka suna iya nuna shekarar 920 su ce ga sunan abincinsu a rubuce, ina ganin jaridarku za ta iya tura wakilai wajen tsofaffin masu waina da sinasir da alkubus a cikin birni, da masu gurasa na Jakara, a rubuta awonsu da hannunsu da abin da suka ji daga kakanninsu, tun kafin yis ɗin leda ya mantar da mu yadda ake tayar da ƙullu da nono ko da ragowar na jiya. Idan aka buga irin wannan, ɗaliban Jami'ar Bayero da masu kula da Gidan Makama za su sami abin ɗorawa a kai. Ni kuma a shirye nake in kawo wa mai kula da shafin ƙullun idli na farin wake da karkashi ta gwada da kanta, sai dai a sanar da ni tun ana gobe, saboda jiƙo.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga unguwar Yakasai, Kano.